Tumbin Raƙumi Ɗaki Nawa Ne?

Shekarata tara ina koyarwa a wata lakwal ta firamare a Tanut lokacin da aka ɗora mini alƙalancin kacici-kacici. Ni ƴar Damagaram ce, a cikin birni aka haife ni. Aiki ne ya kawo ni Damargu, aure kuma ya zaunar da ni. Ban nemi alƙalancin ba. Mai kula da azuzuwan karatun manya ne ya tare ni a bakin aji lokacin shan iska, ya ce suna so su rufe karatun bana da gasa tsakanin mata, yana neman wadda za ta shirya tambayoyi ta kuma yanke hukunci. Na ce me ya sa sai ni. Ya ce muryata na kai wa nesa, kuma ba ni da aji cikin masu gasar, don haka babu mai cewa na yi son kai. Daga ni har shi babu wanda ya tuna cewa yayar maigidana ce shugabar ajin matan cikin gari.

Karatun manya a wurinmu na rani ne. Ana farawa bayan hatsi ya shiga rumbu, a rufe kafin ruwan farko, don da zarar an yi shuka ba ka ƙara ganin mace riƙe da alli. Aji uku aka gayyata: na cikin garin Tanut, na Gangara, da na Tenhiya. Kyautar keken ɗinki ne sabo fil, a cikin kwalinsa, na ajin da ya yi nasara baki ɗaya.

Na yi mako biyu ina rubuta tambayoyi a cikin kaye, wato littafin rubutu. Na fara da ɗan littafin Hausa da suke karatu da shi, amma bai kai ni ko'ina ba, sai na jawo tsohon littafina na kimiyya, na Faransanci, wanda na yi karatun malanta da shi. Akwai wani shafi a kan dabbobi masu tuƙa. An jera saniya, tunkiya, akuya da raƙumi, a ƙasa an rubuta cewa tumbinsu ɗaki huɗu ne, ga zanen tumbin saniya a gefe. Na ciro tambaya biyu daga nan. Ta saniya na sa ta a tsakiyar gasa, ta raƙumi kuma na ajiye ta can ƙarshen kaye, ko da za a buƙaci ƙari.

Ranar gasar ana zafin bazara irin wanda ke sa mutum ya ji tausayin jaki. An kafa rumfar zana a filin lakwal, an shimfiɗa tabarmi, an jera randuna biyu da moɗa. Kowane aji ya fitar da mata huɗu suka zauna a benci. Ƙa'idar da na karanta musu da safe mai sauƙi ce: ana bin layi, ajin da ya kasa sai tambayar ta wuce ga na gaba, kuma abin da alƙali ya yanke shi ne ƙarshe. Kowa ya ce ya yarda.

Matan Tenhiya ne suka fara fita. Ba don rashin sani ba, yawancinsu Buzaye da Fulani ne, ni kuma na yi tambayoyina da doguwar Hausa mai lanƙwasa. Direbansu ya matsa musu saboda nisan hanya, ana idar da azahar suka tafi. Na sha tunanin cewa da sun tsaya, wataƙila da ɗaya daga cikinsu ta ja ni gefe kafin in yi abin da na yi.

Aka bar Tanut da Gangara. Wannan ya ci, wancan ya rama, har la'asar ta yi suna maki tara-tara, tambayoyina kuma suka ƙare sai guda ɗayan nan ta ƙarshen kaye. Mai kula ya ce a yi ƙuri'a da tsinke, ajin da ya ja dogo shi za a yi wa tambayar, in ya amsa ya ɗauki keke. Gangara suka ja dogo.

A bencin Gangara akwai wata dattijuwa gajera, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Tun safe ba ta amsa ko tambaya ɗaya ba, ƴan matasan ne ke ta amsawa, ita sai gyaɗa kai. Na ɗauki mikiro na karanta: "Ɗazu mun ji na saniya. To, tumbin raƙumi ɗaki nawa ne?"

Ban rufe baki ba ta ɗaga hannu. Ba ta ko waiwayi ƴan'uwanta ba.

"Uku ne," in ji ta.

Na dubi kayena, ko da yake na san abin da ke ciki. Na ce, "Ba daidai ba ne, Inna. Tanut, taku ce."

Yayar maigidana ta sunkuyar da kai ta daɗe, har na ce lokaci na tafiya. Sannan ta ce, "Huɗu."

Na ce, "Daidai!"

Guɗa ta ɓarke. Matan gari suka miƙe suna tafi, wata har ta jefa mayafinta sama. Cikin wannan hayaniyar dattijuwar ta tashi tsaye, ta tsaya har mutane suka lura da ita.

Ta ce, "Madam, in tambaye ki?"

"Bismilla, Inna."

"Kin taɓa wanke cikin raƙumi?"

Na ce ban taɓa ba, amma ga littafi. Na ɗaga shi sama, na buɗe shafin, na juya shi dama da hagu yadda nake yi wa ƴan ajina. Wasu suka yi dariya. Ba ni suka yi wa ba, ita suka yi wa, kuma a lokacin dariyar ta yi mini daɗi.

Ta ce, "Ni ban iya karatun Nasara ba. Na Hausar ma bana na fara haɗa baƙi. Amma ubana mahauci ne, mijina mahauci ne, ni kuma kayan ciki nake dafawa in sayar tun kafin a haife ki. Na saniya huɗu ne, ban yi musu ba. Na raƙumi uku ne."

Na ce, "Inna, da safe mun yarda cewa hukuncin alƙali shi ne ƙarshe."

Ta dube ni. Ta ce, "Haka ne, mun yarda." Ta zauna, ta cire tabaraunta ta naɗe shi a bakin zane. Aka ɗora kwalin keke a amalanke, mata suka raka shi da waƙa har gidan Yaya. Ni kuma na koma gida ina jin na yi aiki mai kyau.

Kwana uku bayan haka malamar ajin Gangara ta kira ni a waya. Ƙawata ce, tare muka yi kolej a Damagaram, ba ma ɓoye wa juna magana. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Ke, kin san abin da ake faɗa a nan?"

Na ce ban sani ba.

"Ana cewa kin ajiye wa yayar mijinki tambaya, kun gama magana tun a gida."

Raina ya ɓaci. Na rantse, na ce tsinke aka ja a gaban kowa, ni na san wa zai ja dogo? Ta bar ni na gama faɗana, sannan ta ce wannan ba shi ya dame ta ba, ta san ni, ta kuma san ƙarya ne. Abin da ya dame ta, mata shida sun maido mata da allunansu. Sun ce in har abin da ido ya gani kuma hannu ya taɓa ba ya cin maki, sai abin da ke cikin takarda, to karatun ba nasu ba ne, badi kada a rubuta sunansu.

Ta ce, "Shekara uku ina bin su gida-gida kafin su yarda su zauna a tabarma. Ke dai ki gaya mini, kin taɓa ganin abin nan da idonki?"

Sai rezon waya ya ɗauke, ban sake kiranta ba.

Washegari na je wurin mushe, malamin kimiyya na kolej, wanda muke gaisawa da matarsa. Na yi masa tambayar kamar da wasa. Nan take ya ce huɗu, sannan ya ɗan sosa ƙeya ya ce in dakata. Ya ciro wayarsa ya yi ta dannawa. Can ya ce, "Madam, abin da rikici. Mafi yawa sun ce uku. Amma ga wasu nan sun ce huɗu, ya danganta da yadda mutum ya ƙirga."

Na kama wannan kalmar ta ƙarshe na riƙe ta gam. Tunda wasu sun ce huɗu, ai ban yi kuskure ba. Kwana biyu ina maimaita wa kaina haka, ina wanke-wanke ina maimaitawa, ina gyaran kayen yara ina maimaitawa. Amma tuwo ya daina yi mini daɗi, kuma duk lokacin da na tuna yadda dattijuwar nan ta naɗe tabaraunta sai in ajiye abin da nake yi.

Maigidana ba mai yawan magana ba ne. Ya saurari bayanina na uku a kan yadda masana suka rabu, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Mayanka tana nan bayan kasuwa. Ba a Faransa take ba."

Ranar kasuwa na sammako. Shekara tara a garin ban taɓa taka wurin ba, nama a tire nake saye a bakin hanya. Tun daga nesa wari ya tare ni. Mata masu sayen kayan ciki suna zaune a gefe da robobinsu suna jira, suka bi ni da kallo, ni da jakar hannu da takalmin zuwa aiki. Na nemi sarkin fawa, aka nuna mini wani dattijo mai farin gemu da ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa abin da ya kawo ni. Ashe labarin ya riga ni zuwa.

Ya ce, "Au, ke ce Madam mai ɗaki huɗu? Kin yi sa'a, yau akwai raƙumi. Ki tsaya nan, kada ki ɓata zanenki."

Na jira kusan awa guda. Da aka gama fiɗa ya sa aka zubar da abin da ke cikin tumbin, aka ɗauraye, aka shimfiɗa na saniya da na raƙumi gefe da gefe a kan siminti. Ya tsuguna, ya ce in matso.

Ya fara da na saniya. Ga babban mai gashi-gashi kamar tawul. Ga mai zanen saƙar zuma. Ga wani dunƙulalle mai tauri, ya tsaga shi da wuƙa, cikinsa shafi-shafi a jere. Ga na ƙarshe mai santsi. Huɗu, kamar yadda ke cikin zanen littafina.

Sannan ya juya ga na raƙumi, ya ce, "Yanzu ke za ki ƙirga."

Na ga babba, mai wasu ƴan aljihuna a jikinsa. Na ga ƙarami manne da shi. Na ga dogo kamar hannun riga. Na nemi dunƙulallen nan mai shafi-shafi, na ɗaga nan, na ɗaga can, har na manta da zanena. Babu shi.

Na ce, "Uku, Baba." Amma ban saki ba tukuna, na gaya masa abin da mushe ya gani a waya.

Ya yi murmushi, ya ja dogon ya nuna mini ƙarshensa, inda launin ya ɗan canza. Ya ce, "Ga abin da suke nufi. Wani likitan dabbobi ya taɓa ce mini nan ma ɗaki ne. To, sa yatsanki ki bi. Kin ji bango? Kin ji ƙofa? In mutum ya shafa wa rabin ɗakinsa farar ƙasa, ai bai zama ɗaki biyu ba. Mai son ya ce huɗu ba zan yi faɗa da shi ba, amma wadda ta ce uku ba ta faɗi ba."

Matan nan masu robobi sun riga sun kewaye mu. Ɗaya ta ce, "Yau Madam ta zo lakwal." Aka yi dariya, ni ma na yi. Wata ta zuba mini ruwa na wanke hannu. Abin mamaki, da na fito daga wurin sai na ji jikina sakayau. Na yi kuskure, amma na daina ja-in-ja da kaina, kuma wannan kaɗai hutu ne.

Saura mai wuyar. Yayar maigidana ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka a wurina a matsayin uwar miji take. Ba na faɗin sunanta, ban taɓa musa mata magana ba, ko a kan gishirin miya. Yanzu kuma zan je in ce mata keken da aka raka gidanta da guɗa ba nata ba ne. Na yi la'asar, na ɗauki mayafi, na tafi ina shirya kalmomi a hanya ina warwarewa.

Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Muka gaisa, na zauna a bakin tabarma, na yi ta kewaye-kewaye, zancen zafi, zancen ruwan famfo da bai zo ba. Ta ajiye rariya ta ce, "Madam, faɗi abin da ya kawo ki. Tun da kika shigo kike murza bakin mayafi."

Na ce, "Yaya, na je mayanka yau."

"To?"

"Uku ne."

Ta kakkaɓe garin da ke hannunta. Ta ce, "Na sani."

Na ɗago kai na dube ta.

Ta ce, "Babanmu ya yi kiwon raƙuma kafin fari ya cinye su. Na ga an yanka, na taya wanke cikin. Da kika yi tambayar, uku ce a bakina. To, na ji an ce uku kin ƙi, mata suna bayana suna jira, me zan ce? Na ce huɗu." Ta nuna ƙofar ɗakinta da haɓa. "Leƙa ki gani."

Na leƙa. Kwalin keken na nan a kusurwa, an lulluɓe shi da tsohon zane, ko igiyarsa ba a kwance ba.

Ta ce, "Kullum sai matan nan sun zo sun ce a buɗe, ni kuma in ce sai an sami rana mai kyau. Na rasa yadda zan zo in ce miki kin yi kuskure a gaban jama'a, ke da kike da karatu, kuma matar ƙanena. Ina ta jiran ki gano da kanki. Kin daɗe."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ta ce in daina, kada maƙwabta su ce dukana take yi. Ta dama mini fura, na shanye kwanon tas.

Amma keken ba na Yaya ba ne ita kaɗai. Washegari ta tara matan ajin a gidanta, na tsaya na yi musu bayani. Wasu suka ce Allah ya kyauta, wasu suka tsuke baki. Sai wata mai sayar da ƙosai, wadda ta fi kowa ƙwazo a ajin kuma ta fi kowa kaifin baki, ta gyara zama.

Ta ce, "Madam, ke kika ce hukuncin alƙali shi ne ƙarshe. Yanzu alƙalin ya sake magana, to wanne ne ƙarshen? Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, mu ce tsohuwa ta yi daidai, sun sami goma. Mu ina tamu tambayar? Tun safe ana yi ɗaya mu ɗaya su, sai a ƙarshe a ce tsinke ne zai raba? Mun yi wata biyar muna karatu don tsinke?"

Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Na zo gyara kuskure ɗaya, ta nuna mini na biyu. Na ce mata gaskiyarta. Aka yi ta magana har inuwa ta juya. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa za a maida wa Gangara makinsu, a yi wa Tanut tambaya ɗaya tasu. In sun amsa, a ci gaba har wani ya faɗi. In sun kasa, keke na Gangara ne. Mai ƙosai ta ƙara sharaɗi biyu: ba ni zan rubuta tambayoyin ba, kuma duk tambayar da za a yi, a zo da shaidar amsarta a nuna wa kowa a wurin. Yaya ta ce a tafi da keken, in namu ne ya dawo da mu.

Da na kai wa mai kula maganar, ya yi ajiyar zuciya, ya ce shi ma ƙorafin ya iso masa, ya rasa ta inda zai ɓullo mini. Ya yarda zai rubuta tambayoyin da kansa, kowace a ƴar takarda a naɗe.

Muka tafi bayan mako guda a bayan wata motar kasuwa, mu takwas da kwalin keke a tsakiyarmu. Hadari ya fara haɗuwa a gabas a ƴan kwanakin, ina ta addu'a a raina ruwa ya ɗan jira mu, don in aka yi shuka babu wanda za mu tarar. Hanyar rairayi ce, sau biyu muna sauka ana tura mota.

A Gangara an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wani gawo kusa da lakwal, an jingina allo a jikinsa. Ƙawata ta rubuta tara da tara. Mutane sun fi na ranar farko yawa, har da maza a tsaye daga baya. Babu mikiro. Dattijuwar tana zaune a gaba da tabaraunta.

Na miƙe. Na ce ranar gasa na yi tambaya a kan abin da ban taɓa gani ba, aka ba ni amsa daidai na ce ba daidai ba. Na ce na je mayanka na ƙirga da hannuna, uku ne. Na juya gare ta na ce, "Inna, na sa an yi miki dariya a kan gaskiyarki. Ki yafe mini."

Na shirya wa duk abin da za ta faɗa.

Ta ce, "Na amale kika gani ko na taguwa?"

Na ce na tsohon amale ne.

"Kin ga ƴan aljihunan nan?"

"Na gani, Inna."

"To su ne wahalar. Ɗaya bayan ɗaya ake juya su, in ba haka ba miya ta yi ɗaci, mai saye ya ce ba ki da tsabta." Ta juya ga matan bayanta. "Kun ji, har hannu ta sa." Sannan ta ce mini, "Ɗiyata, Allah ya yafe mana duka. Ni ba keke ne ya dame ni ba, idona ma ba ya ganin kafar allura. Makina nake so."

Ƙawata ta ɗauki alli za ta gyara, dattijuwar ta ce a'a, a ba ta. Ta tashi, ta goge taran da tafin hannu, ta rubuta ɗaya, ta tsaya ta gyara tabarau, ta zagaya sifiri a hankali har ya haɗu. Matan Gangara suka rangaɗa guɗa, na Tanut ma suka taya su.

Sai aka zo kan tambayar Tanut. Mai kula ya zuba takardunsa a ƙwarya, wata tsohuwa daga cikin ƴan kallo ta zaro ɗaya. Ya duba lambarta, ya ciro shaidar daga jakarsa ya ajiye a tebur, ya kifa faifai a kai. Ni aikina karantawa kawai.

Na karanta: "A watannin Nasara goma sha biyu, guda nawa ne ke da kwana talatin da ɗaya?"

Matan Tanut huɗu suka haɗa kai suna raɗa. Ina jin mai ƙosai tana cewa bakwai, bakwai ne. Yaya kuma tana cewa ai ɗaya dogo ɗaya gajere suke bi, rabin sha biyu shida ne. Suka ja, suka ja. Yaya ce shugaba, ita ce mai faɗa. Ta ɗago ta ce, "Shida."

Ban ce daidai ba, ban ce ba daidai ba. Mai kula ya ɗaga faifai, ga kalanda. Aka rataye ta a jikin allo, mace ɗaya daga kowane aji ta fito, suna buɗe shafi jama'a na ƙirgawa da ƙarfi. Da aka zo Yuli aka ce huɗu, aka buɗa Agusta aka ce biyar, na ga Yaya ta dafe kai. Aka ƙare a bakwai.

Babu wanda ya yi musu. Mai ƙosai ta dubi Yaya sau ɗaya ta kau da kai. Da aka kwance kwalin kuma sai aka tarar duk Gangara babu macen da ta san yadda ake ɗora kan keken a kan ƙafarsa. Mai ƙosan ce dai ta tsuguna, tana ƙunƙuni, ta haɗa shi, ta sa zare, ta ɗinka layi ɗaya a wani ƙyalle ta miƙa musu. Dattijuwar ta hana mu tafiya sai da muka ci tuwo da miyar kayan ciki a gidanta. Kafin mu hau mota ƙawata ta raɗa mini cewa huɗu daga cikin shidan nan sun karɓi allunansu, sauran biyun kuma ta san ta inda za ta bi da su.

A hanyar dawowa Yaya ba ta yi shiru ba ko na minti ɗaya. Ta ce wane irin mutum ne zai jera wata biyu dogaye a wuri ɗaya in ba don ya rikita bayin Allah ba. Ta ce da watanninmu aka tambaya da ta jero su tana barci. Ta ce mai kula da gangan ya zaɓo wannan, aka tuna mata ba shi ya zaro takardar ba, ta ce to tsohuwar da ta zaro ce ke da hannun tsiya. Ta juyo kaina ta ce duk ni na jawo, da na je mayanka tun farko da yanzu kowa na gidansa. Mai ƙosai dai tana kallon daji, sai can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Na ce bakwai." Yaya ta ce ta ji, ba kurma ba ce.

Ni kuwa ina zaune a kan buhun wani ɗan kasuwa, ina riƙe da ƙarfen mota, ina ta danne dariya. Faɗan nata daɗi yake yi mini, don duk wanda ya ji shi ya san da gaske ta so ci, da gaske kuma ta faɗi, babu hannuna a ciki. Iska mai sanyi ta taso daga gabas, direba ya ƙara wuta don kada ruwa ya tare mu a rairayi.

Muka iso Tanut rana ba ta faɗi ba. Na riga Yaya sauka na miƙa mata hannu. Ta dafa ni ta sauko, ta gyara mayafinta, ta ce, "Badi ma ke za ki yi alƙalancin, kada ki ce za ki gudu. Kuma ran Juma'a ki zo mini da kalanda, ki zauna ki koya mini watannin nan."

Na ce, "To, Yaya."